Mobilet ɗin Baba da Shanun Dodo

Belbeji, 6 ga Disamba, 1982

Zuwa ga yayana Ɗan Azumi makaniki, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna, da Yaya Zalika da yara. Mu nan lafiya lau, mai ɗakina Rahamatu tana gaishe ku.

Yaya, maganar mobilet ɗin Baba, ƙaramin babur ɗin nan nasa, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekara huɗu ke nan da ka miƙa mini ita ranar sadakar arba'in ɗinsa, ka ce in riƙe ta amana. Na riƙe. Amma ka san aikina allurar shanu ne, shanu kuwa ba a bakin titi suke kiwo ba. Maganin da muke yi musu ba ya rayuwa sai cikin sanyi. Daga firijin ofis nake ɗauko shi, in jera shi a akwati da ƙanƙara, in ɗaure a bayan mobilet. In ƙanƙarar ta narke ya ji zafi, ya mutu ke nan, kuma mataccen magani da mai rai kamarsu ɗaya a ido.

To ita wannan baiwar Allah ba ta san rairayin Damargu ba. A gari ta saba. Da mun bar hanyar mota sai ta fara tari, ta nutse, in sauko in tura. Rabin tafiya ita ke ɗauke da ni, rabi ni ke ɗauke da ita. Har makiyaya sun sa mata suna Amarya, wai sai an lallashe ta take tafiya.

Akwai wani ɗan kasuwa a Tanut da yake son ta don zirga-zirgar cikin gari. Ya yarda ya ba ni babban babur mai giya, in haɗa masa da ragunana biyu. Ban ce masa komai ba, don kayan Baba ba ya fita gida sai da yawunka. Ana ta raɗe-raɗin bushiya ta ɓulla daga gabas, wannan ciwon da ke share garke cikin mako guda. Ka dube ni, Yaya, ka amince mini.

Ka gaida Inna da kyau. Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Mato

*

Damagaram, 3 ga Janairu, 1983

Mato,

Wa alaikumus salam. Ya aiki, ya Rahamatu? Mu nan sai godiya.

Takardarka ta zo. Sai da na sa Mamman, mai rubutu a bakin gidan waya, ya karanta mini sau biyu, don na ɗauka kunnena ne. Ashe bokon naka ya kai har ka raina abin hawan ubanka? A duk garinmu Falanko Baba ne ya fara hawa mobilet, shekarar da gyaɗa ta yi kyau. Bisa ita ya kai ka lakwal, makarantar boko, a Tanut, kana riƙe da rigarsa kana kuka, majina har haɓa. Ran nan ba ka ce ba ta san rairayi ba.

Kuma bara da ka kawo ta, wa ya buɗe injinta? Ni. Kwana uku ina kanta, na bar motocin mutane a rana. In ka ce ba ta da ƙarfi, hannuna ka zaga, kuma shekara ashirin ina wannan sana'a ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Wancan ɗan kasuwar naka na san irinsu, zai liƙa maka babur mai fenti a waje da ciwo a ciki, ya kuma cinye maka raguna.

Ga buji biyu, wato fulogi, da karbirato na ba Abdu direba ya kawo maka. In ka shiga rairayi ka rage wa tayoyi iska, ka daina murɗa ta kamar kana jin haushinta. Maganar ƙanƙara kuwa, kai ma da neman dalili kake. Mu da muka sha ruwan salka mai sanyi a tsakiyar bazara? Ka sami buhun algarara ka jiƙa shi sharkaf, ka naɗe akwatin, iskar tafiya ta yi sauran aikin. Haka kakanninka suka sanyaya ruwa tun ba a haifi mai firiji ba.

Ban yarda a sayar ba. Inna ma na faɗa mata, ta ce abin da na gani shi ne daidai. Kada ka sake tada maganar.

Allah ya tsare hanya.

Yayanka,
Ɗan Azumi

*

Belbeji, 20 ga Maris, 1983

Zuwa ga Yaya Ɗan Azumi,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa irin ta girmamawa. Saƙo ya iso ta hannun Abdu, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na ji abin da ka ce, kuma ban sayar ba.

Ina da labari. Akwai wani makiyayi, Dodo, Bafillace, da ke shayarwa a rijiyar Bakin Tudu, arewa da mu. Shanunsa arba'in da uku, jajaye masu dogon ƙaho, kowace ya san sunanta da na uwarta. Shekara uku ina binsa ya bari a yi musu allura, yana cewa ƙarfen nasara ba zai taɓa dukiyar ubansa ba. Na sha nonon shanunsa, na kai wa matarsa Jummai maganin ido, na zauna masa zaman makoki da ƙanensa ya rasu. Bana da ya ji labarin bushiya sai ya aiko a ce mini in zo, don ni kaɗai ya yarda da ni.

Ranar Talata na tafi. Na tashi bayan sallar asuba, tafiyar da babban babur zai yi kafin hantsi. Na rage iska kamar yadda ka ce, na naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu. Duk da haka sau biyu ina canza buji, tudu uku kuwa da ƙafata na haye su ina turawa, rana tana dukan ƙeyata. Da buhun ya bushe na juye masa ruwan shana. Ban isa ba sai bayan la'asar. Na tarar Dodo ya tara garken tun safe, ya hana su kiwo, yana tsaye da sandarsa a kafaɗa yana duban hanya.

Na yi musu duka, na kuma huda wa kowace kunne. Wannan hujin shi ne takardar saniya a wurinmu. Duk ma'aikacin da ya gan shi ya san an yi mata, sai ya wuce zuwa ta gaba. Dodo ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce yau zai bar tsoron haɗa shanunsa da na wasu a rijiya. Ya ba ni ƙwaryar man shanu, ga rabi nan a ba Inna.

Amma Yaya, raina bai kwanta da tafiyar nan ba. Ka ce kada in sake tada magana, to ban tada ba. Na dai faɗa maka lokacin da na isa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanenka,
Mato

*

Damagaram, 9 ga Afrilu, 1983

Mato,

Salamu alaikum. Man shanu ya iso, Inna tana ta sa albarka.

To ka gani? Ta kai ka ko ba ta kai ka ba? Ta dawo da kai ko ba ta dawo da kai ba? Shanu arba'in da uku, ka ce. Da ka bi son ranka, da yanzu kana zaune a inuwa kana jiran kayan gyaran da babu su ko a Kano. La'asar ai ba gobe ba ce. Ku ƴan boko in abu bai zo da takardar nasara ba sai ku ce ba shi da kyau, ga buhu nan ya yi maka aikin firiji.

Ka riƙa tace mata isansi, wato fetur, da ƙyalle kafin ka zuba. Sai mun gan ku da salla.

Yayanka,
Ɗan Azumi

*

Belbeji, 2 ga Yuni, 1983

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata Inna tana lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, ba ni da bakin doguwa.

Bushiya ta shigo mana ƙarshen Afrilu. Aka turo ma'aikata daga Damagaram da mota da firijinsu a ciki, suna bin rijiya rijiya suna yi wa duk saniyar da ba a yi wa ba. Sun je Bakin Tudu. Sun yi wa shanun maƙwabtan Dodo, waɗanda suka ƙi ni, waɗanda suka yi masa dariya da ya yarda da ni. Da suka zo kan nasa suka ɗaga kunne suka ga huji, suka ce waɗannan an gama da su, suka wuce. Yana tsaye yana kallo, har da alfahari. Sauran makiyaya suna janye garkensu daga rijiyar saboda marasa lafiya, shi kuwa ya ci gaba da shayarwa, don ni na ce masa ba abin da zai same su.

Maganin da na yi musu matacce ne, Yaya. Ruwa na ɗura musu. Da ban je ba sam, da kunnensu lafiyayye ne, da motar nan ta yi musu na gaske.

Cikin kwana goma sha biyu suka ƙare. Idanu na zubar da ruwa, baki ya ruɓe, zawo kamar an buɗe famfo. Maraƙi biyu suka rage, su ma don an haife su bayan zuwana ne, ba su da huji, aka yi musu. Shanun masu dariya suna nan suna kiwo.

Jiya da hantsi Dodo ya zo gidana a ƙafa. Ya yi sallama, na fito, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba. Sannan ya kwance wani abu daga cikin rigarsa ya ajiye a kan tabarma. Kunnuwa ne, busassu, ya zura su a igiya ta cikin hujin da na yi. Ya ce, "Likita, ga takardunka. Masu su sun tafi." Rahamatu ta kawo masa ruwa, ya sha, ya yi godiya, ya juya.

Ka tambaye ni ta kai ni ko ba ta kai ni ba. Ta kai ni. Na roƙe ka tun Disamba, ka ba ni buji da buhu da labarin majinata. Ka fifita ƙarfen da Baba ya hau a kan aikin da Baba ya kai ni lakwal in koya. Ba don Baba ka hana ba, don kada a ce gyaranka bai yi ba ne. Ina jin haushinka, Yaya, haushin da ban taɓa zaton zan ji ba, kuma gara in rubuta maka da in riƙa gaishe ka da shi a ciki.

Ka huta lafiya.

Mato

*

Damagaram, 19 ga Yuni, 1983

Ƙanena Mato,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya mayar wa bawan Allahn nan da alheri.

Mamman ya karanta mini takardarka, da ya kai tsakiya ya tsaya ya ce ko in kai ta gida a karanta mini a ɓoye. Na ce ya ƙarasa, ai a gaban mutane na yi taurin kan. Kwana biyu ban taɓa sufana ba. Inna da ta ji ta ce ita ba ta taɓa cewa a riƙe mobilet ba, cewa ta yi mu daidaita. Gaskiyarta, ni na ƙara gishiri.

Abin da ka faɗa a kaina na ɗauka. Ka sayar da ita, ka kyautar, ka jefa ta rijiya, duk ɗaya ne a wurina. Na sami babban babur mai giya huɗu wurin wani Alhaji, na buɗe shi na duba komai, na sa masa tayoyin rairayi. Ranar da ka ce, Abdu zai ɗora shi a kamyo, babbar motarsa ta kaya. Na sani ihu ne bayan hari, amma akwai sauran shanu a Damargu.

Sai dai abu guda ya tsaya mini a rai, kuma in ban tambaya ba ba zai wuce ba. Ni jahili ne, salka na sani. Kai aka koya wa aikin nan, kai ka rubuta mini da hannunka cewa in ya ji zafi ya mutu. Da ka isa Bakin Tudu ka buɗe akwatin, me ka gani a ciki?

Ka gaida Rahamatu. Allah ya sanyaya mana.

Yayanka,
Ɗan Azumi

*

Belbeji, 11 ga Yuli, 1983

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna.

Ruwa na gani. Na sa yatsa na ji shi da ɗumi. Na ɗaga kai na ga mutumin da na bi shekara uku ya tara mini dukiyarsa tun safe, na kasa ce masa in koma in dawo. Na ce a raina wataƙila buhun Yaya ya yi aiki, alhali na san bai yi ba. Ban faɗa wa kowa ba sai kai, ko Rahamatu ba ta sani ba.

Kada ka turo babur. Na roƙi shef, shugaban ofishinmu, ya mayar da ni ɗakin ajiya, ya yarda.

Dodo ya dawo Belbeji da iyalinsa. An ara masa jaki yana kai ruwa gida gida, unguwarmu tana cikin rabonsa. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofata ya ce, "Likita, an tashi lafiya?" Bai taɓa zagina ba, bai kai ƙarata ba, kuma ba ya wucewa sai na amsa.

In kana son yi mini wani abu, ka zo da kanka ka amsa masa sau ɗaya. Ni na gaji.

Ƙanenka,
Mato