Jikana da Katakon Bature

Ƙanena Sule,

Gaisuwa daga Agege. Yaya ƙafarka, yaya iyali? Mu lafiya lau.

Albishirinka! Matar ɗana Audu ta haifi namiji, kuma wannan karon ya tsaya, har mun yi suna.

Da Audu ya gaya wa Baturensu na reluwe, sai Baturen ya ƙwanƙwasa tebur, ya ce da Turanci, "Taɓa katako." Malaminmu na ajin yamma ya ce haka suke faɗa don gudun kambun baka. Ashe su ma suna tsoro.

Ni dai goshin yaron na dafa, na roƙi Allah. Ku taya mu addu'a, kada mu sake haƙa ƙaramin kabari. A gaida Yaya Hauwa.

Yayanka,
Garba