Ni Ne Muwakkil Ɗin Ibtisam

Zuwa ga Hajiya Kubura, uwargidana, maman Ibtisam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan makwancinki na da sanyi da yalwa, ina sanar da ke cewa mijinki Idi mai tuwon unguwar Jarwal a nan Makka yana nan da ransa. Tumbi ya ƙaru, gashi ya ragu, hankali kuwa yana nan yadda kika bar shi, ko kaɗan bai ci gaba ba.

Na san za ki ce me ya kai ni rubuta miki wasiƙa a waya, inda kowa ke leƙowa. Dalili shi ne 'yarki ba ta karanta Hausar boko, Larabci ya cinye ta. Ƙaninki Bashir kuwa yana karantawa, kuma so nake ya karanta. Domin ƙararsa na kawo miki.

Bari in fara daga farko, kamar yadda Ibtisam ta ce ana yi a ofishin lauya. Yarinyar nan da kika bari tana sakandare, yanzu tana kulliya, irin wadda ake yin difloma a fito a kama aiki. Tana koyon zama mataimakiyar lauya. Ba lauyar ba, ta ja mini kunne a kan haka. Ita ce mai karɓar mutum in ya shigo da damuwarsa, ta saurare shi, ta tsara masa takardu, ta binciko dokar da ta shafe shi, ta ajiye wa lauya komai a jere. Na ce ashe yaron kicin ne, shi ke yanka albasa, wani ya karɓi yabon miya. Ba ta yi dariya ba.

Takardarki ta 'yar ƙasa ce ta buɗe mata ƙofar kulliyar. Ni da iƙamata, takardar zaman baƙo, iyakarmu bakin titi, inda nake tare mata tasi. Kin ga ko kina kabari kin fi ni amfani a wajen karatun nan. Ban ji haushi ba, Hajiya. Na dai lura.

Gidan ya canza. Da can in na ce na rantse da Allah, magana ta ƙare. Yanzu sai ta ce, Abuya, wato Baba da Larabcinsu, ina hujja? Ran nan na ce mai kawo mini shinkafa ya cuce ni, ta tambaye ni ko mun yi yarjejeniya a rubuce. Na ce mun yi musabaha. Ta dube ni irin kallon da kike yi mini in na sa gishiri sau biyu.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Shisha, unguwar da Bashir yake zaune. Kusan kullum bayan la'asar sai ta kwashi littattafai ta tafi gidan Bashir. Bashir fa! Yaron da na sani a unguwar Tandabawi da majina har leɓe, wanda nake ba wa ƙanzon tuwo don ya kai miki saƙona. Yau shi ne Ustaz, yana koyarwa, yana da bango guda na littattafai da tabarau mai igiya. Ta dawo gida, Kawu ya ce dokar ma'aikata kaza, Kawu ya ce ba haka ake shigar da ƙara ba. Ni kuwa abin da Abuya ya ce bai wuce zo ki ci abinci ba. Aji huɗu na yi a firamare a Kano kafin a taho da ni, kin sani, kuma na huɗun ma rabinsa a bayan aji na yi shi ina ba mutane dariya.

Na taɓa buɗe ɗaya daga cikin littattafanta da ta fita. Na duba sama, na duba ƙasa. Kalmar da na gane ita ce bismillah, sai lambar shafi. Na rufe shi da ladabi, na goge man da yatsana ya bari a kai.

To, ga ranar da abin ya faru. Da safe ne, ina zuba mata abincin rana a kula, ita kuma tana waya a falo. Da kunnena na ji ta ce, cikin murna, Kawu, kai ne muwakkil ɗina, ba ni da wani sai kai.

Hajiya, kin san inda na koyi Larabci. Ba a gaban malami ba, a gaban murhu ne, wajen Bamisiren nan da na yi wa aiki kafin in buɗe nawa wurin. A bakinsa, in aka ce wakkil yaro, ana nufin ba shi abinci. Muwakkil kuwa, a iya sanina, shi ne mai ciyarwa. Sai na tsaya da ludayi a hannu, miya tana ɗiga a ƙafata ban ji zafi ba.

Ki tuna lokacin da aka yaye ta, ta ƙi cin komai. Ke da kanki kika ce, Idi, yarinyar nan ba ta buɗe baki sai ta ga hannunka. Ki tuna ina yi mata kukan akuya, ta yi dariya, in zura loma. Abin da ba ki gani ba shi ne bayan mun kai ki. Ta kulle baki, ruwa kaɗai take sha. Mata suka yi lallashi, Bashir ya yi wa'azi, duk a banza. Ni na zauna a ƙofar ɗakinta da kwanon tuwo, na yi kukan akuyar nan, ni da gemuna, ita da girmanta, har ta buɗe ƙofa tana kuka tana dariya ta karɓa. Ba ni da difloma, ba ni da bangon littattafai. Wannan ɗaya ce shaidata a duniya, ni ne mai ciyar da ita. Shi ne za a ɗauka a ba mai tabarau?

Na yi fushi irin na manya, wato ban gaya wa kowa ba. Na daina zuba kula. Ta tambaya ko ba ni da lafiya, na ce lafiya ƙalau, ai na ji kin samu wanda ya fi ni. Ta ɗauka wasa ne, don laifin mai barkwanci ke nan, ranar da yake da gaske ba mai yarda. Ta riƙa sayen burodi da cuku a kulliya. Ina ganin takardar naɗin a jakarta, zuciyata tana ƙuna, amma na dake.

Ranar Juma'a aka taru cin abinci a Shisha kamar yadda kika saba haɗa mu. Na sa babbar riga, na naɗe muciyata a tawul, wadda kika saya mini da na buɗe wurin tuwo. Ana shimfiɗa ledar abinci na miƙe, na warware ta, na miƙa wa Bashir da hannu biyu a gaban matarsa da 'ya'yansa. Na ce, ga sandar mulki, Ustaz, tunda kai ne muwakkil, daga yau kai za ka tuƙa mata.

Bashir ya dubi muciya, ya dube ni, ya dubi Ibtisam. Sai ya cire tabarau ya kwanta a kan kafet yana dariya har da tari. Da ya samu numfashi ya ce, Yaya Idi, Larabcin tukunya ya kashe ka! Muwakkil a wajen lauyoyi shi ne wanda ya kawo damuwarsa ya wakilta su. An ba su aikin gwaji ne a kulliya, kowace ɗaliba ta samu wani ya yi kamar shi ne mai damuwar, ta yi masa tambayoyi, ta rubuta, ta kai wa malama.

Kina tsammanin kunya ta kashe kishin? Ko kusa. Sai ma ya sake riga. Na ce, to in mai damuwa ake nema, wa ya fi ni? Bashir da albashinsa da na'urar sanyinsa, wace damuwa ya sani? Ni da aka rushe layinmu na sake ɗaukar tukwane a ka, ni da kowace shekara nake bin layin sabunta iƙama, a tsallake ni a je Shisha neman mai matsala? Ko a wahala ma sai an nuna mini ban yi makaranta ba?

Ibtisam ta bari har aka gama cin abinci. Sai a tasi, muna gangarowa gida, tana kallon taga ta gaya mini da Hausarta mai karyewa. Labarin da malama ta ba su na wani mutum ne da matarsa ta rasu, ya zo a taimaka masa ya fitar da takardar magada. Ta ce, Abuya, Kawu zai yi kamar shi ne. Kai ba kamar ba ne.

Direba ya tambaye ni inda zai tsaya, ita ce ta nuna masa ƙofar gidanmu.

Amma kin san taurin kaina. Washegari na ce sai an yi da ni. Ta zaunar da ni a teburin falo, ta ɗauko biro, ta karanta mini ƙa'idojin da aka koya musu. Ba a katse muwakkil. Ba a yanke masa hukunci, wannan aikin lauya ne. Ba a nuna masa an karaya, don ya zo ne neman inda zai jingina. Na gyara hula na ce bismillah, yau za ki ga muwakkil na asali.

Tambayar farko, cikakken sunan marigayiya. Hajiya, tun da na aure ki ban taɓa kiran sunanki tsirara ba, kullum da Hajiyarsa a gaba, ko da yake a garin nan har kyanwa hajiya ce. Na faɗe shi, da na mahaifinki. Ya fito daga bakina kamar na baƙuwa. Ta rubuta, ba ta ko ɗago kai ba, na ce a raina lallai kulliyar nan tana aiki.

Ta tambayi ranar, na faɗa. Ta tambayi magada, na lissafa. Sai ta ce, me marigayiya ta bari? Na so in yi wasa, wallahi wasa na nufa. Na ce, ta bar tsoho ɗaya mai kishi da yarinya ɗaya mai taurin kai, kuma duk alƙalin da ya iya raba su ya zo ya gwada.

Nan ta karya ƙa'ida ta uku. Ni ma na taya ta, ko da yake ni ba a koya mini ƙa'idar ba.

Kada ki ɗauka na ci nasara. Na Bashir ta kai wa malama, domin nawa ya jiƙe, kuma ta ce ni muwakkil ne da ba ya tsayawa a kan tambaya. An yaba mata, yabon ya tafi Shisha. Har yanzu tana zuwa can bayan la'asar, har yanzu Kawu ya ce, Kawu ya ce. In ta gama za ta shiga wani ofis mai gilashi, ta riƙa magana da harshen da ba zan taɓa kamo shi ba. Ina alfahari, ina kuma jin haushi, su biyun a kwano ɗaya nake cin su.

Sai dai ran Lahadi da safe na fito na tarar da kular a kan teburin kicin, a wanke, a buɗe. Tana tsaye da abayarta da jakar littattafai tana jira. Ta ce, yalla, yi maza ya muwakkili, zan makara. Da Larabcin tukunya ta faɗa, Hajiya. Na cika ta har murfin ya ƙi rufuwa.

Saboda haka na janye rabin ƙarar. Sauran rabin yana nan, domin ƙaninki ya rataye muciyata a tsakiyar littattafansa, duk baƙon da ya shigo sai ya ba shi labari. In ana barin ku ku ziyarci mutane a mafarki, ki fara ta Shisha.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, ko da yake na san za ki ce gishiri bai ji ba. Allah Ya ba 'yarmu sa'ar karatunta, Ya sa duk mai damuwar da ya zauna a gabanta ya tashi da sauƙi. Ya bar mini hannuna da lafiya in ci gaba da zuba mata, har ranar da za a kawo ni kusa da ke. Shi ma Bashir Allah Ya saka masa da alheri, amma kada ki gaya masa na ce.

Naki har gobe,
Idi mai tuwo, muwakkil ɗin Ibtisam,
Jarwal, Makka.