Na Tashi Daga Sujada Ban Dafa Bango Ba

Laraba da dare, Damagaram

Yau a tsaye na yi isha'i, ba kujera. Ikon Allah!

Ranar da ɗana Habu ya kai ni gidan ɗaga ƙarfe, faɗa na yi masa. Ni da na tsufa ina dakon buhun gero, yaro zai koya mini ɗaukar kaya? Mai horon ya ce, "Baba, miƙe baya, lanƙwasa gwiwa, ƙafa ke ɗauka." Sanda ya ba ni, ba ƙarfe ba. Don haushi na yi ta komawa tun damina.

Ashe da baya nake ɗauka duk rayuwata, ba wanda ya gaya mini.

Maƙwabcina Isufu, mai cewa na gama yayi, ya gan ni a sahu, ya kau da kai. Cinyata na rawa har yanzu, amma da asuba kusa da shi zan tsaya.