Mitar Da Ka Bari

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a inda kake.

Na fita takaba, kuma jiya aka zauna rabon gado. Ƙaninka Sani ya kawo mai sayen kayan shagonka gaba ɗaya, har da tsohuwar mitarka mai allura, wadda kake auna lasifika da ita. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ka tuna lokacin da idonka ya fara rauni? Ka kwaso aikin daga kasuwar Daura ka dawo da shi tsakar gida. Ana kawo lasifikokin masallatai daga Zango da Baure, ni ke riƙe wayoyin nan biyu, ja da baƙa, ina karanta maka inda allura ta tsaya. Ba ka taɓa haɗa lasifika da amfilifaya ba sai ka san turjiyarta ga wutar lantarki, ko awonta om huɗu ne ko takwas. Kakan ce wanda ya haɗa da ka, shi zai bar unguwa ba kiran salla.

Kullum faɗanka ɗaya ne: "Cire yatsanki daga bakin ƙarfen, Binta, kada mita ta haɗa har da ke a awon." Wata rana na ce kai dai ka iya tsara zance, mutum ne za a auna kamar gero?

Sai ka murɗa mitar, ka ba ni ja, ka riƙe baƙa, ka kama ɗaya hannuna. Wallahi allura ta motsa! Ka yi ta dariya har da tari, ni kuwa kunya ta sa na gudu madafa, wai kada yara su gani.

Jiya na buɗe baki a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba. Na ce a sa mitar a cikin tumunina, ko da ita kaɗai zan tashi. Sani ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini.

Malam, kewarka ta yi mini yawa. Da safen nan na riƙe ja, na ajiye baƙa a kan buzunka, na daɗe ina kallo. Allura ba ta motsa ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sake haɗa hannuwanmu a Aljanna.

Matarka,
Binta