Gangunan da ba a kaɗa wa mahaifin Togar ba

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara? Ya jikin Baba?

Togar, ɗan ƙabilar Batak ta Indonesiya da muke ɗaurin kaya tare a kasuwar Naif ta Dubai, ya rasa mahaifinsa. A al'adarsu, tsohon da ya aurar da 'ya'yansa duka, da ganguna da rawa ake raka shi kabari. Mahaifinsa bai samu ba, don Togar bai yi aure ba. A waya ya kalli jana'izar yana kuka.

Tun ranar na rasa sukuni. Shekara tara Baba na tambayar aurena, ni kuwa ko ɗakin kaina ban da shi.

Ki gaida Inna, ki sa ni a addu'a. Baba kuma, don Allah kar ki ƙara ce masa “sai baɗi”.

Ƙaninki,
Sani