Sun Ce Rinin Hannuna Ne Ya Saluɓe Jaririn

Anti, ki taimake ni kafin baƙin ciki ya kashe ni.

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Kullum ina zuba rini a kan gilashi don ƙwayoyin cuta su fito a madubin gwaji, kuma ko na sa safar hannu sai launin ya kama gefen farcena. A gida har tsokanata ake yi, wai mai rini ta dawo.

Da ƙanwata ta haihu, ni na fara ɗaukar yaron. Ba a jima ba fatarsa ta yi ja, ta fara saluɓewa kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce ke fitar da guba mai ɗaye fata. Amma Mama ta riga ta yanke hukunci: rinin hannuna ne. Yanzu yana samun sauƙi a asibitin da nake aiki, ni kuwa sai leƙe ta taga. Ƙanwar tawa, yarinyar da na goya a bayana, in ta hango ni sai ta ja zani ta rufe ɗanta.

Ga abin da ke cina. Mama ke yi masa wanka, kuma akwai maruru a babban yatsanta, yana ruwa, ta naɗe da tsumma. Na san ƙwayar da ke zama a maruru, irin wadda likita ya faɗa ce, ita nake rinawa kullum. In na faɗa, na ɗora wa uwata abin da ba za ta iya ɗauka ba. In na yi shiru, za a sallamo shi ya koma hannunta. Wani lokaci, Allah ya yafe mini, so nake ta ɗanɗani abin da na ɗanɗana.

Wadda aka hana ɗaukar ɗa

'Yata, an zalunce ki, ba zan ɓoye miki ba. Amma firgici ne ya sa Mama neman mai laifi, sai ta kama abin da idonta ke gani. Ke ma ba ki da tabbacin marurun ne, zato kike yi kamar yadda ta yi.

Kada ki kai maganar gaban dangi. Ki sami likitan yaron yau, ki gaya masa a keɓe, ya duba duk mai taɓa jaririn, a yi wa yatsan magani kafin sallama. Ke za ki fara miƙa hannu a duba, don kada Mama ta ji ita ake nufi.

Ban haƙuri kuwa, wataƙila ba za ki taɓa samu ba, kuma zai yi ciwo. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa ƙanwarki ta miƙo miki shi da hannunta.