Motarmu ta mutu da Emeka a ciki

Daren Alhamis, Kwaciri

Har yanzu ƙafafuna zugi suke yi. Tun asuba mu 'yan sanda muke tsaye a mahaɗar Bata saboda zanga-zangar tsadar rayuwa, babu ko ruwan sha daga ofis, balle abinci. Da na yi wa Oga maganar man mota da safe, cewa ya yi, "Sajan, ka lallaɓa da wanda ke ciki. Kuɗin watan nan ya ƙare a zanga-zangar da ta wuce."

Bayan la'asar wani ya jefo dutse, ya sami Kofur Emeka a goshi, jini ya rufe masa ido. Muka ɗauke shi za mu asibiti. Ko Kasuwar Sabon Gari ba mu wuce ba motar ta yi tari ta mutu, mai ya ƙare. Ga jama'a suna matsowa. Wallahi na tsorata.

Sai wani dattijo mai adaidaita sahu ya tsaya, kwalin zanga-zangarsa manne a gilashi. Ya ce, "Yallaɓai, ku sako shi nan." Ya cire hularsa ya ba ni in danne ciwon, ya kai mu asibiti.

An yi wa Emeka ɗinki, likita ya ce idon ya tsira, alhamdulillahi. Matarsa ta zo tana kuka, tana tambayata wa za ta yi wa godiya. Ko sunan dattijon ban tambaya ba. Kuma gobe, in ya sake fitowa, ni za a ce in kore shi.